CUTUTTUKA MASU FAKON DAMA A JIKIN MAI ƊAUKE DA ƘWAYAR ƘANJAMAU: DARASI DAGA ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

Gabatarwa

Hausawa na cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da wuya a sami karin maganar da ta fi wannan dacewa da cutar ƙanjamau. Ita ƙwayar cutar, wato HIV, babban aikinta shi ne tsaga bangon. Akasarin waɗanda ke rasuwa, wasu cututtuka ne dabam ke kai su ƙasa, waɗanda suka sami ƙofa bayan garkuwar jiki ta karye. Su ne masana ke kira cututtuka masu fakon dama.

Ta hanyarsu ma duniya ta fara sanin ƙanjamau. A ranar 5 ga Yuni 1981, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu matasa 5 a birnin Los Anjalis da suka kamu da wani ciwon huhu wanda bai saba kama mai lafiya ba. Sai a 1983 aka gano ƙwayar da ke karya garkuwar, a Cibiyar Pasteur da ke Faransa. A Nijeriya kuwa, a 1986 aka ba da rahoton farko.

Yadda bangon ke tsagewa

A cikin jinin ɗan'adam akwai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki. Daga cikinsu akwai wani rukuni da ake kira CD4. Waɗannan su ne tamkar sarakunan yaƙi, domin su ke shaida abokin gaba, su kuma umarci sauran dakaru da su far masa. Ƙwayar HIV kan shiga cikin CD4, ta mayar da ita gidan hayayyafa, daga baya ta hallaka ta.

Mutum mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita ta jini, wato kashi 1 cikin 1,000 na mililita. Idan ba a shan magani, wannan adadi kan yi ta raguwa a hankali, wani lokaci har shekara 8 zuwa 10, alhali mutum na noma, yana cin kasuwa, bai san abin da ke gudana ba. Da zarar adadin ya yi ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar cewa cutar ta yi nisa. A nan ne ƙananan halittun da jiki ya daɗe yana dannewa ke ɗago kai.

Manyan cututtukan

1. Tarin fuka. Shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV a duniya. A 2023 kaɗai ya hallaka kimanin 161,000 daga cikinsu. An ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 4 na mutanen duniya sun taɓa shaƙar bakteriyar da ke kawo shi, amma garkuwar jiki kan killace ta a huhu, ta kwanta shiru. Idan garkuwa ta yi rauni sai ta farka. Tarin fuka ba ya jiran CD4 ta faɗi ƙasa da 200, kuma yakan bar huhu ya kama kaluluwa, ko ƙashin baya, ko ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne tari mai daɗewa, zazzaɓi, gumin dare da rama.

2. Funfunar baki da maƙoshi. Wata funfuna ce mai suna Kandida, wadda ke zaune a bakin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan ta sami dama sai ta yi farin danƙare a harshe da dasashi. In ta gangara maƙoshi, haɗiyar abinci kan zama azaba, rama ta ƙaru.

3. Sanƙarau na funfuna. Ya bambanta da sanƙarau na lokacin zafi, irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996, domin wancan bakteriya ce ke kawo shi, yana kuma yaɗuwa tsakanin jama'a. Wannan kuwa funfunar Kiriftokokus ce, wadda ake samu a ƙasa, musamman inda kashin tattabaru ya taru, ana shaƙar ta cikin ƙura. Ya fi kama wanda CD4 ɗinsa ta yi ƙasa da 100. Yakan fara da ciwon kai na makonni, sannan ruɗewa. Sau da yawa a nan dangi ke zaton sammu ne ko iskoki, a ɓata kwanaki masu tsada kafin a kai shi asibiti.

4. Ƙurjin ƙwaƙwalwa. Wata ƙaramar halitta mai suna Toksofilasma ke haddasa shi. Ana ɗaukarta daga kashin kyanwa ko naman da bai gasu ba. Takan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki.

5. Gudawa mai naci. Ƙwayoyi da dama ke kawo ta, ciki har da Kiriftosiforidiyam, wadda ke fita a kashin mutane da na maruƙa ta shiga ruwan sha. Mai lafiya kan warke cikin mako 1 ko 2, amma mai raunin garkuwa yakan yi watanni yana fama.

6. Ƙurajen ɗamara. Ƙwayar ƙarambau da mutum ya yi tun yana yaro ba ta barin jiki; takan ɓuya a jijiyoyi. Idan ta farka sai ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki. Fitowarsu ga matashi dalili ne na yin gwaji.

Abubuwan da ke ƙara haɗari a wannan yanki

Binciken ƙasa baki ɗaya da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar. A Jihar Katsina adadin ya tsaya a kashi 0.3, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar. Wannan abin godiya ne, sai dai yana da tarko: inda cuta ta yi ƙaranci, ba a cika kawo ta a rai ba, kuma mai ita ya fi jin kunyar bayyana kansa. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da ke kudancin jihar, misali ne na yadda yanayin zama ke buɗe wa waɗannan cututtuka ƙofa.

Abu na farko shi ne jinkirin gwaji. Wanda ya ji rama da zazzaɓi yakan fara da kemis, ya sha maganin maleriya da na taifot, ya koma ga saƙe-saƙi. Kafin a auna jininsa CD4 ta riga ta zube. Maza sun fi faɗawa wannan hali, domin mata kan sami gwaji a wurin awon ciki.

Na biyu, katsewar magani. Maganin danne ƙwayar HIV ana shan sa kullum ne, har ƙarshen rayuwa. Idan aka tsaya, cikin 'yan makonni ƙwayar kan dawo da yawa a jini, kuma tana iya koyon bijire wa maganin. A nan matsalar tsaro ta shigo. Waɗannan ƙananan hukumomi uku na cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba, kuma kowa na tuna sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. A 2021, a ƙoƙarin shawo kan lamarin, gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Mai karatu ya auna halin majinyacin da ke ƙauye, maganinsa ya kusa ƙarewa, hanyar asibiti ba ta biyuwa, ma'aikacin lafiya kuma ba ya iya kiransa. Wanda ya tsere da tsakar dare ma ba kasafai yake tuna katin asibiti ba.

Na uku, cunkoso. Idan mutanen ƙauye suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, ko Funtuwa, ko Malumfashi, ɗakin mutum 3 kan ɗauki 10. A lokacin hunturu kuma ana toshe tagogi. Bakteriyar tarin fuka ta iska take bi, ba abin da take so irin rufaffen ɗaki.

Na huɗu, ƙarancin abinci. Wannan yanki ƙasar masara, dawa da auduga ce, amma manomin da aka raba da gonarsa rumbunsa ba ya cika. Yunwa ita kaɗai na rage ƙarfin garkuwa, balle ta haɗu da HIV.

Na biyar, ruwa da cima. Rijiya marar murfi, tafkin da mutane da shanu ke sha tare, nonon da ba a tafasa madararsa ba, da tsiren da bai gasu ba, duk hanyoyi ne. Akwai ma nau'in tarin fuka na shanu da ke bin ɗanyar madara ya kama mutum.

Bayan waɗannan, yara ƙanana, tsofaffi, masu ciwon suga da mashaya taba sun fi saurin kamuwa.

Hanyoyin kariya

Babbar kariya ita ce gyaran bangon. Tun 2006 ake ba da maganin danne ƙwayar kyauta a asibitocin gwamnati da aka keɓe, kuma daga 2016 Nijeriya ta ɗauki tsarin fara magani da zarar gwaji ya tabbatar, ba tare da jiran CD4 ta faɗi ba. Ga mafi yawan manya, ƙwaya 1 ce a rana. Wanda ya riƙe ta da gaske, CD4 ɗinsa kan farfaɗo, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya tsufa kamar kowa. Mai nisa da asibiti na iya neman a ba shi maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci guda, kuma wanda ya yi hijira ya garzaya asibiti mafi kusa tun kafin nasa ya ƙare.

Akwai kuma magungunan rigakafi. Wanda aka fi sani da Septrin yana kare mutum daga ciwon huhu, ƙurjin ƙwaƙwalwa, wasu nau'o'in gudawa, har da maleriya. Isoniyazid na hana kwantaccen tarin fuka farkawa. Wanda CD4 ɗinsa ta yi ƙasa ainun ana duba jininsa don gano Kiriftokokus kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Likita ne kaɗai ke tsara waɗannan. A gida kuwa, a tafasa ruwan sha da madara, a gasa nama sosai, a wanke hannu, a buɗe tagogi, a kwana cikin gidan sauro.

Kammalawa

Ɗalibi da malami na da rawar takawa. Ba a ɗaukar HIV ta gaisuwa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro, kuma dokar ƙasa ta 2014 ta haramta nuna wa masu ita wariya. Tsangwama ce ke sa mutum ya ɓoye maganinsa har ya daina sha. Duk wanda ya ga ɗan'uwa da tari na fiye da mako 2, ko gudawa ta wata guda, ko ciwon kai mai naci, to ya raka shi asibiti. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Tambayoyi don nazari

1. Mene ne aikin ƙwayoyin CD4 a jiki?
2. Kawo bambanci 2 tsakanin sanƙarau na lokacin zafi da na funfuna.
3. Bayyana yadda gudun hijira ke ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka.