Ga Mai Neman Ilimin Haƙar Hanya a Ƙarƙashin Ƙasa

Ɗana, tunda ka ƙudurta zama malamin jami'a a fannin haƙar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, kuma bincikenka zai karkata ga tsare rayukan ma'aikata, Allah ya sanya albarka. Bari in faɗa maka abin da nake so ka riƙe.

Za a koya maka hanyoyin kimanta ƙarfin dutse, irin tsarin da Bieniawski ya fitar a Afirka ta Kudu a 1973, da na Barton da abokan aikinsa a Nowe a 1974. Ka iya su sosai. Sai dai mai gina gada shi yake zaɓen ƙarfensa da simintinsa, kai kuwa ƙasar da Allah ya ajiye ita za ka tarar, kuma ramukan gwaji ɗan kaɗan suke nuna maka daga cikinta. Shi ya sa Ralph Peck, a laccarsa ta 1969, ya tsaya kan a riƙa auna motsin ƙasa ana cikin haƙa, ana gyara tsari gwargwadon abin da awon ya nuna.

A kan wannan awon nake so ka daɗe. A Oktoban 1994 ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa a ƙarƙashin filin jirgin saman Heathrow na Landan ya rufta. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna alamun sun bayyana tun da wuri: ƙasa tana ta sauka, kankaren feshin da aka tokare ramin da shi yana da rauni a wurare, amma ba a yi abin da ya kamata kan lokaci ba. To wa yake duba alƙaluman nan da tsakar dare? Wa yake da ikon cewa a dakatar da aiki, alhali ɗan kwangila yana ƙirga asarar kowace rana? Wallahi waɗannan tambayoyin sun isa digirin digirgir, ko da ba su da ƙyalli kamar zane a kwamfuta.

Kada kuma ka raina leburori. A Nuwamban 2023 mutum 41 suka maƙale kwana 17 a ramin Silkyara na Indiya. Injin haƙan da ake ƙoƙarin ceto su da shi ya karye, masu haƙa da hannu ne suka kutsa suka ƙarasa mitocin ƙarshe. Irin saninsu ne yake sa mai haƙar rijiya ya zura fitila ya gwada iska kafin ya sauka. Ka zauna da su, ka rubuta abin da suka sani, ka ambace su a muƙalarka.

Ƙura tana damuna ƙwarai, don ita ba ta kisa a gaban 'yan jarida. A ramin Hawks Nest na Amurka, farkon shekarun 1930, an huda dutse ba tare da jiƙa shi da ruwa ba, ɗaruruwan leburori, akasarinsu baƙar fata, suka mutu da ciwon huhu. Ka ware wa iska da ƙura babi a bincikenka.

Idan ka zo zaɓen malamin da zai duba aikinka, kada yawan wallafe-wallafensa kaɗai ya ja ka. Ka tambayi ɗalibansa ko yana da wurin da ake haƙa yanzu, kuma ko yana tura su su kwana aikin dare tare da ma'aikata.