Garin Jarirai na Gwangwani Ya Fi Kunun Gida?

Tambaya: Ɗana ya cika wata shida. Kowa na cewa garin gwangwani ya fi gina jiki. Gaskiya ne? — Maman Sadiƙ, Zariya.

Amsa: Maman Sadiƙ, hoton jariri ɓul-ɓul da jerin bitamin a gaban gwangwani talla ne. Juya bayansa ki karanta abin da aka zuba. In kin ga sukari, zuma ko gulukos a sahun farko, ajiye shi. A 2024, ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gano ƙarin sukari a Cerelac ɗin da ake sayarwa a Afirka, alhali irinsa na Jamus babu. Abin yana min ciwo.

Ki dama kunun gero mai kauri da garin waken soya da gyaɗa, ki murmushe masa dafaffen ƙwai ko busasshen kifi, ki ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Zuma kuwa, sai ya shekara.