Makero da Tabon Kai

Ko wannenmu ya taɓa ganin yaro mai makero a ka. Wasu iyaye kan ce, "A bar shi, in ya girma zai warke." Sau da yawa yakan warke ɗin. Amma wani lokaci kafin ya warke ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wannan ɓarna ce za mu duba a darasin yau.

Mu fara da gashin kansa. Kowane silin gashi daga wani ɗan rami yake fitowa a cikin fata. Saiwarsa tana can ƙasan ramin. A kan mutum ɗaya akwai irin waɗannan ramuka wajen 100,000. Da su aka haife shi, ba kuwa za a ƙara masa sababbi ba. Wanzami ya aske mu ƙwal, bayan mako guda gashi ya tsiro, don aska ba ta taɓa saiwa ba. Haka ciyawa take: mu yanke ta da lauje, ruwa ya sauka, ta sake tohowa.

To, makero wata cuta ce mai rai, dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ido ba ya ganin ƙwayarta. Takan shiga cikin silin gashi ta ci shi, ya kakkarye. Wurin ya yi fari-fari, yana ƙaiƙayi. A wannan lokaci saiwa tana nan da ranta.

In aka yi sakaci, wani sa'i wurin yakan kumbura, ya yi laushi, yana fid da mugunya, yana zafi. Kaluluwa ta fito wa yaro a wuya. Wannan kumburi shi ne abin tsoro, don shi ke kashe saiwa. In ya daɗe, ramukan sai su toshe, tabo ya maye gurbinsu. Fatar ta yi sumul tana ƙyalli. Mu manoma mun san faƙo. Ko an zuba masa iri ba ya tsiro. Haka tabon kai yake. Babu man shafawa ko garin magani da zai fid da gashi a kan tabo, kome mai talla ya faɗa a kasuwa. Kada mu ɓata kuɗinmu.

Maganin makeron ka na sha ne. Shafawa kaɗai ba ta isa ba, don cutar tana cikin gashi, inda mai ba ya kaiwa. Tun 1958 aka fara ba mutane wata ƙwaya mai suna girisiyofulbin, yanzu kuma akwai wasu. Akan sha ta kamar mako 6 zuwa 8. Nan ne da yawanmu ke kuskure: da an ga sauƙi sai a daina, cuta kuwa ta dawo. Mu kai yaro asibiti da wuri, mu cika kwanakin da likita ya faɗa. Kumburin nan kuma ba maruru ba ne, kada a tsaga shi, kada a yi masa sakiya.

Makero yana yaɗuwa ta aska, da mataji, da hula, da matashin kai. Ana kuma ɗaukarsa daga kyanwa, ko kare, ko ɗan maraƙi. Mu roƙi wanzami ya tafasa askarsa, ko mu tafi da sabuwar reza tamu. In an sami yaro ɗaya da shi, a duba kawunan sauran yaran gidan.

Manya ma ba su tsira ba. Ƙurajen da ke fito wa maza a ƙeya bayan aski suna barin tabo mai tauri. Kitso mai tsanani kuma, in an daɗe ana yinsa, yana cinye gashin goshi.

Tambayoyi

1. Don me gashi ke tsirowa bayan aski?
2. Me ke kashe saiwar gashi?
3. Mako nawa akan sha maganin makeron ka?