Ka Bari Tawada Ta Bushe

Ɗana, zo ka zauna kusa da ni kafin a kira magariba. Mahaifiyarka ta ce malaminku ya ba ku aikin haɗa littafin zane da hannunku, kai kuma kana neman kuɗin da za ka ba wani ya yi maka, domin kada a yi wa naka dariya a aji. Ban zo da faɗa ba, Allah ya shirya mana kai, sai dai ka sani kayan aro ba ya rufe katara.

Ina yaro a Kano akwai wani dattijo a unguwarmu mai rubuta Alƙur'ani da hannu. Da kansa yake fere alƙalaminsa na gamba, ya dafa tawadarsa da ƙaro, sannan ya ɗauko takardar nan ta Italiya wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar wata uku a cikinta. Sai ya gama baƙi ya jira ya bushe kafin ya sa wasali da ja, sannan ya koma kan zayyana, kuma ban taɓa ganin ya ɗora takarda a kan ƴar'uwarta da ɗanyar tawada ba. A ƙasan shafi yakan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, domin ba a ɗinke irin waɗannan littattafai, tadarishi da gafakar da dukawa suka ɗinka ne ke riƙe su. Watanni yake yi a kan aiki ɗaya, saboda haka har yau jikokinsa na karatu da abin da ya bari.

Naka aikin bai kai wannan nauyi ba, amma halin da yake nema ɗaya ne. Ka sami takardu huɗu masu kauri, ka ninke kowace biyu, ka sa su cikin juna, ka ga shafi goma sha shida ke nan. Ka huda wuri uku a kan ninkin, ka ɗinke da zare mai ƙwari, ka fara daga hujin tsakiya ka ƙare a nan, ka ƙulle. Bangon kuwa kwali ya isa, ka roƙi innarka ƙyallen atamfa ka manna da ruwan ƙaro, ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Ka auna da kyau kafin almakashi ya taɓa takarda, domin abin da aka yanke ba ya komawa, kuma sauri shi ke haifar da nawa.

Abin da za ka zana kuma, kada ka kwaso na waya. Ka dubi tukunyar kakarka da akuyar gidanku da zanen da ke jikin ƙofar zaure, domin abin da idonka ya sani shi hannunka zai faɗa da gaskiya. In layi ya karkace kada ka yage shafin don haushi, ka bar shi, na gaba zai fi shi kyau, malaminka kuma zai ga yadda hannunka ya yi ta faɗawa daga farko zuwa ƙarshe.

Makin da za a ba ka mantawa za a yi da shi, ɗana, amma yaron da ya iya jiran tawada ta bushe zai iya jiran abubuwan da suka fi ta girma a rayuwa. Tashi ka yi alwala, gobe da hantsi ka kawo takardun mu ninke tare. Allah ya yi maka albarka.