Yadda Ake Zaga Duniya Cikin Wata Ɗaya da Littattafan Hikaya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowa ke da kuɗin jirgi ko biza ba. Wanda hali bai ba shi damar fita ba yana iya ware wata guda, ya ziyarci ƙasashe huɗu da littattafai huɗu, ya shiga gidajen mutanensu, ya ji abin da ke faranta musu rai da abin da ke hana su barci. Sai dai wannan karatu ba na kashe lokaci ba ne, yana bukatar shiri. Ga yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: shata hanya

Raba watan gida huɗu, kowane mako da zangonsa. Kada ka yi tsalle daga Sin zuwa Amurka; zaɓi ƙasashen da hanya ta haɗa su, domin abin da ka gani a zangon farko ya taimake ka fahimtar na biyu. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne marubucin ya zama ɗan ƙasar. Baƙo yakan bayyana gine-gine da kasuwa, amma ɗan gari ne ya san abin da ake faɗa bayan an rufe ƙofa.

Mataki na biyu: zaɓi littattafan

Ga wata hanya mai kyau, daga ƙasar Hausa zuwa gabashin Afirka.

Makon farko, fara daga gida da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma zai bi da kai ta Kano, ka ratsa Sahara tare da ayarin fatake, ka ga Murzuk da Tarabulus ta idon uwar da ta fita neman ɗanta har ta faɗa cikin bauta.

Mako na biyu, sauka a Alƙahira da *Zuƙaƙul Midaƙƙ* na Najib Mahfuz, wanda ya fito a 1947. Labarin wani lungu ne a tsohon birni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: mai gidan gahawa, da mai aski Abbas, da budurwa Hamida wadda talaucin lungun ya ishe ta. Mahfuz ne marubucin Larabci na farko da ya samu kyautar Nobel, a 1988.

Mako na uku, bi kogin Nilu zuwa Sudan da *Ursuz Zain* na Ɗayyib Salih. A nan za ka zauna a ƙauye cikin manoma, da liman, da waliyyi, da dattawan da ke yanke shawarar gari a bakin kanti. Bahaushe ba zai ji baƙunta ba, musamman idan ya tuna dubban 'yan uwansa da suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka, suka mayar da ita gida.

Mako na huɗu, ƙarasa gaɓar tekun gabashin Afirka da *Paradise* na Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar, wanda ya samu Nobel a 2021. Littafin ya fito a 1994, kuma yana ba da labarin Yusuf, yaron da mahaifinsa ya miƙa wa wani attajiri saboda bashi, ya bi ayarinsa zuwa cikin ƙasa a zamanin mulkin Jamusawa. Kwatanta wannan ayari da na Shaihu Umar shi kaɗai darasi ne babba.

Littattafan Larabcin nan biyu an fassara su zuwa Turanci, don haka ka karanta da harshen da ya fi maka sauƙi.

Mataki na uku: haɗa guzuri kafin ranar tashi

Samo littattafan huɗu gaba ɗaya tun kafin wata ya kama, ko a ɗakin karatu, ko wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ko aro daga aboki. Ka tanadi taswira, ta takarda ko ta waya, da littafin rubutu da biro.

Mataki na huɗu: tsayar da lokaci

Littafi mai shafi 250 na bukatar shafi 36 a kullum kafin ya ƙare cikin mako. Sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi ta isa. Zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bayan Asuba ko bayan Isha'i, ka ajiye waya nesa. Ranar da uzuri ya hana ka, kada ka yi gaggawar cike giɓi. Rage sauri ya fi karatun da ba a fahimta ba.

Mataki na biyar: karanta da idon matafiyi

Nan ne aikin yake. Kada labari ya ɗauke maka hankali har ka manta da wurin. Duk garin da aka ambata, nemo shi a taswira. A littafin rubutunka ka riƙa amsa tambayoyi irin waɗannan: me suke ci? Yaya suke gaisawa? Wa ke da ta cewa a gida? Yaya ake neman aure, yaya ake jana'iza? Me ake ɗauka abin kunya? A ƙarshen kowane mako, rubuta shafi ɗaya kan abin da ya yi kama da namu da abin da ya bambanta.

Mataki na shida: nemi abokan tafiya

Idan da hali, ku zama mutum uku ko huɗu, ku haɗu duk ranar Juma'a da yamma ku tattauna. Abin da ya kuɓuce maka, wani ya lura da shi. In akwai wanda ya taɓa zama a ƙasar, kamar ɗalibin da ya yi karatu a Azhar, ku gayyace shi ya faɗa muku abin da ya canza.

Gargaɗi

Littafi ɗaya ba shi ne ƙasa ba. Alƙahirar Mahfuz ta shekarun 1940 ce, kuma lungu ɗaya ya nuna maka. Za ka haɗu da halayen da ba ka yarda da su ba. Sanin su ba ya nufin amincewa da su. Kada ka yanke wa al'umma hukunci da halin mutum ɗaya na cikin labari.

Mai karatu, kada ka jira sai ka samu sarari, domin sarari ba ya zuwa da kansa. Sa ranar tashi, nemo littafin farko a wannan makon, ka kuma ja ƙanenka ko 'yarka ku tafi tare.