Me Ya Karya Farashin Aikin Kwangilar Kwamfuta?

Tambaya: Ni matashi ne a Kano, na koyi gina shafukan intanet da rubuta ƙananan manhajoji, kuma ina karɓar aikin kwangila daga kamfanonin gida da na waje. Damuwata ita ce kuɗin da ake taya mini bai taka kara ya karya ba. Wani yayana da ya daɗe a harkar ya ce a da masu irin wannan aiki sun fi manyan ma'aikatan ofis samu. Shin haka ne? In haka ne, me ya faru, kuma ko akwai alamar farashin zai dawo? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Yayan naka gaskiya ya gaya maka, sai dai lokacin da yake ba ka labari gajere ne, kuma yana da dalilinsa.

A ƙarshen shekarun 1990 abubuwa biyu suka haɗu a Amurka da Ingila. Na farko shi ne fargabar shigowar shekarar 2000. Tsofaffin manhajojin bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati suna rubuta shekara da lamba biyu ne kawai, wato 99 a maimakon 1999, aka kuma ji tsoron in an shiga 2000 kwamfutoci za su ɗauka an koma 1900. Dole a bi layin rubutun manhajar nan ɗaya bayan ɗaya a gyara, ga wa'adi da ba ya ɗaguwa, ga waɗanda suka san tsohon harshen rubuta manhaja na COBOL ba su da yawa. Na biyu shi ne haukar kafa kamfanonin intanet, inda masu jari ke zuba kuɗi a kan duk wanda ya ce zai yi ciniki ta intanet. A wannan hali ɗan kwangila ne ke yanka farashi, kamfani ya biya yana godiya.

Abin bai daɗe ba. Aka shiga 2000 lafiya, aikin gyaran ya ƙare. A watan Maris na shekarar kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta kai ƙololuwa, sannan ta fara gangarowa, zuwa Oktoban 2002 ta yi asarar fiye da kashi 75 cikin 100 na darajarta. A nan ne 'yan kwangila suka gane matsayinsu. Sallamar cikakken ma'aikaci tana da tsada da ƙa'idoji, shi kuwa ɗan kwangila wasiƙa ɗaya ta isa. Haka aka sake yi bayan rikicin kuɗi na 2008, lokacin da wasu manyan bankunan Landan suka riƙa aika wa 'yan kwangilarsu sanarwar an rage musu kashi 10 cikin 100, wanda bai yarda ba ya kama gabansa.

Wani abin da gyaran 2000 ya bari shi ne ya buɗe wa Indiya ƙofa. Da aikin ya yi yawa, an tura wani ɓangare nasa ga kamfanoni irin su Infosys da Wipro da TCS. Turawa suka ga aikin ya yi kyau, kuma da kuɗi kaɗan, sai ba su daina turawa ba. Daga baya shafukan neman aiki ta intanet suka ƙarasa lamarin. Elance da oDesk suka haɗe, a 2015 suka koma Upwork. Fiverr ya fara a 2010, sunansa ma daga dala biyar ɗin da ake biya kan kowane aiki a farko ya samo asali. Yau in wani ɗan kasuwa a Landan yana son shafin intanet, kai da ke Kano da wani a Lahore da wani a Dhaka da wani a Manila duk kuna layi ɗaya, kuma kullum akwai wanda zai karɓa ƙasa da kai. Dandalin kuma dillali ne, ba ya tashi a banza. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin mai aiki, Upwork kuwa har tayin neman aikin ma sai ka sayi damar aikawa.

Sai dai a ganina babban dalilin ba shi ne yawan masu nema ba kawai, aikin ne da kansa ya yi sauƙi. Ka tuna lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mai lema da benci da waya ɗaya yana cin abinci da kiran minti-minti, saboda ba kowa ke da wayar ba. Da ta shiga aljihun kowa sai sana'ar ta mutu. Shafin intanet da a 1999 sai an nemo gwani ya rubuta shi daga tushe, bayan fitowar WordPress a 2003 da irin su Wix ya zama abin da mai shago zai iya haɗawa da kansa a yini guda. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ƙananan rubuce-rubucen manhaja da ake ba wa sabon shiga su ma sun bi sahu. Abin da ya karye shi ne farashin aikin da kowa ya iya. Wanda ya ƙware a tsaron bayanai, ko sarrafa manyan rumbunan ajiya na kamfani, ko tsarin biyan kuɗi na banki, har yanzu nemansa ake yi. Andela, mai samar wa kamfanoni injiniyoyin manhaja, ta nuna wannan ƙarara a Satumban 2019, lokacin da ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, tana mai cewa abokan cinikinta ƙwararru suke nema.

Akwai kuma raguwar da ido ba ya gani. Sau da yawa lambar da ke kan takarda ba ta sauka ba, tsayawa ta yi wuri ɗaya. A Amurka abin da dala 50 ke saye a 2000, a 2024 sai an kashe kusan dala 90. Don haka wanda ake biyan sa dala 50 a awa tun wancan lokaci, an zabge masa kusan rabi ba tare da kowa ya aiko masa da wasiƙa ba. A Ingila haraji ya ƙara nasa. Dokar da ake kira IR35 ta fara aiki a Afrilun 2000 don kama waɗanda ke aiki kamar ma'aikata amma suna biyan haraji kamar kamfani. An tsaurara ta a ma'aikatun gwamnati a 2017, sannan a manyan kamfanoni masu zaman kansu a 2021, 'yan kwangila da yawa suka koma biyan harajin ma'aikaci alhali ba su da hutun ma'aikaci ko kariyarsa.

An ɗan sake samun wadata a 2020 da 2021, lokacin korona, da kowa ya koma aiki daga gida. Bayan haka aka shiga kora: Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwararru kasuwar kwangilar suka faɗo, suna neman aiki iri ɗaya da naka.

A nan gida lissafin ya rabu biyu. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mai karɓar dala ya ga kuɗinsa ya ninka ko da farashin aikinsa bai motsa ba. Wanda ya yi yarjejeniya da naira kuwa ya ji jiki, don kwamfuta da data da kuɗin ajiye shafi duk dala suke bi, ga man janareta. Wannan ne ma ya sa wasu matasanmu ke murna da dala uku ko huɗu a awa, ba su san suna karya wa kansu da 'yan'uwansu kasuwa ba.

Game da ko farashin zai dawo, na aikin gama-gari ba na jin zai dawo. Kada ka ɓata shekarunka kana jiran sa. Abin da ke hannunka shi ne lissafi. Kuskuren yawancin sababbi shi ne su ɗauki albashin ma'aikaci su raba da kwanakin wata su ce farashinsu ke nan. Ma'aikaci ana biyan sa ranar da ba shi da lafiya, ana tara masa fansho, ofis ne ke sayen kwamfuta da wuta. Kai duk a wuyanka suke, ga makonnin da za ka zauna babu aiki. In kuɗin yininka bai zarce na ma'aikaci mai irin ƙwarewarka sosai ba, kai ne ke tallafa wa kamfanin.

Ka zaɓi fanni ɗaya ka nutsa a ciki, musamman wanda kasancewarka a nan ke ba ka fifiko: manhajar lissafin kaya ga 'yan kasuwar Kwari da Singa, ko ta makarantu da asibitoci masu zaman kansu, ko aikin da ke buƙatar mai jin Hausa. Mutumin Dhaka ba zai zo Kwari ya zauna da Alhaji ya ga yadda yake rubuta bashi ba. Ka yanka farashi bisa aikin gaba ɗaya, kada ka yanka bisa awa, ka kuma ware kuɗin kula da shi duk wata daban. Ku rubuta yarjejeniya ko da da ɗan'uwa ne, a fayyace sau nawa za a yi gyara kyauta. Ka karɓi rabin kuɗin kafin ka fara, kuma kada ka miƙa mabuɗan shafin sai cikon ya shigo.