Katangarmu Tana Gasa Mu

Bara muka tare a sabon gidanmu a Katsina. Katangar tsakar gida ta bulo ce, an yi mata filasta, kuma rana na dukanta daga azahar har faɗuwa. A watan Afrilu ko bayan isha'i ka dafa ta sai ka ji kamar tanda. Ina son shuka mai yaɗo da za ta lulluɓe ta, amma maigida ya ce ba za a janyo mana macizai da gara ba. Ruwa a wurin 'yan garuwa muke saye, ga yara uku da akuya. Me zan shuka?

Wata mai karatu, Katsina

Amsa: Tsoron maigida yana da tushe, kada ki raina shi. Sai dai abin da maciji ke bi shi ne tarin busasshen ganye da ɓeraye, gara kuma matattun rassa da ɗanyen taki. Idan tsintsiya na shiga gindin shukar kullum, kuma takin da kika zuba ya ruɓe sosai, kin rage yawancin wannan damuwa.

Kafin ki sayi komai, ki sa a kafa ƙusoshi a ja waya layi-layi, a bar tazarar yatsu uku tsakaninta da bango don iska ta ratsa. Ramin shukar ya nisanci katanga da kamar santimita 40. Ina jaddada wannan ne saboda masu sayar da fulawa za su nuna miki wata mai ƙananan ganye da ke manne wa bango da saiwoyinta. Tana da kyau ƙwarai, amma tana son laima, hunturun Katsina zai wahalar da ita, kuma ranar da aka ɓamɓare ta da fenti za ta tafi, wani lokaci har da filasta.

Ni bugenbiliya zan zaɓa miki, fulawar nan mai ƙaya da kike gani ta leƙo ta saman katangun gidajen GRA, ja ko ruwan hoda ko fara. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma rana ce abincinta. Ki dasa a Yuni ko Yuli, damina ta raine ta. A ranin farko ki ba ta ruwa sau biyu a mako. Ruwan alwala da na ɗauraya ya isa, ban da mai omo ko bilic. Idan ta kama ƙasa, yawan ruwa ma hana ta fure yake yi, sai ganye kawai. Ba ta kama waya da kanta, sai kin riƙa ɗaure rassan da tsumma. Ƙayarta kuwa ba ta wasa ba ce, don haka ki datse duk reshen da ya sauko daidai fuskar yara.

Za ta ɗauki kamar shekara biyu kafin ta rufe bangon. Kafin nan ki jefa irin soso a gefenta da ruwan farko. Cikin wata biyu zai haye wayar, da kaka ki samu na wanka da na wanke-wanke. Da ya bushe ki cire shi duka.

Akuyar ce ta fi ba ni tsoro. Ki kewaye dashen da ragar waya tun ranar farko, har ya wuce inda bakinta ke kaiwa idan ta miƙe tsaye.